Na ci 236 a JAMB, likitanci nake so: in sake zama ko in karɓi abin da ya samu?

Ummin Abba: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina bin muhawararku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya tsaya min a wuya. Shekarata 18, bara na gama sakandare. Sau biyu ke nan ina zama JAMB. Bara na ci 198, na zauna gida ina zuwa lesin, bana, wato 2025, na ci 236. Duka sau biyun likitanci na cike a BUK. Duk wanda na tambaya sai ya ce in cire rai, in je in canza kwas tun ba a rufe ba. Abbanmu ya ce in koma Bayokemistiri ko Maikurobayoloji a wuce wurin, ya gaji da ganina a tsakar gida. Mama ba ta ce komai ba. Ni kuma zuciyata tana ce min tunda na ƙara maki 38 a shekara ɗaya, in na yi na uku zan taɓa 280. WAEC ɗina zama ɗaya ne, kiredit takwas, har da Turanci da Lissafi. Don Allah a ba ni shawara tsakani da Allah, ko da mai ɗaci ce.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ga tsohon soja a gabanki. Sau huɗu na zauna, har mai gadin cibiyar ya gane ni, in na doso ƙofa sai ya ce "Alhaji, an dawo ke nan?" Ga makina a jere: 211, 224, 207, 219. Kin gani ko? JAMB ba tsani ba ce da za ki ce kowace shekara sai kin hau mataki ɗaya. Lauya nake son zama, a ƙarshe Kimiyyar Siyasa na karanta, wadda da tun shekarar farko na karɓa da tuni an wuce wurin. Abokan da muka gama tare suna bautar ƙasa ina aji biyu. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ki bi maganar Abba.

Likitan Dare: Ɗan Fagge, kada ka kashe wa yarinya gwiwa da tarihinka. Ni ma sau uku na zauna, a na ukun na shiga, ga ni yau ina rubuta wannan daga ɗakin masu haihuwa ƙarfe biyun dare. Da na ji irin shawararka da yanzu ina can ina cizon yatsa.

Ɗan Fagge: Likita, ku waɗanda kuka haye ku ake ji. Mu da muka nutse a kogin ba a tambayar mu yadda ruwan yake.

Malamin Lesin: Ku dakata tukuna. Kowa yana ba ta labarin kansa, ba wanda ya duba takardarta. Ummi, jimilla ba ta gaya min komai. Kawo min makin kowane darasi, na bara da na bana.

Ummin Abba: To Malam. Bara: Turanci 49, Bayoloji 58, Kemistiri 50, Fiziks 41. Bana: Turanci 58, Bayoloji 71, Kemistiri 62, Fiziks 45.

Malamin Lesin: Yauwa, ga inda gizo yake saƙa. Ki duba da kyau. Bayoloji kin ƙara 13, Kemistiri 12, Turanci 9. Fiziks fa? Huɗu. Shekara guda cur kina lesin, maki huɗu kika ƙara, abin da ko canki-canka zai iya ba mutum. Ma'ana darussan da ake ci da karatu da maimaitawa kin tashe su, wanda yake buƙatar a zaunar da ke a fahimtar da ke yana nan inda kika bar shi.

Yanzu mu yi lissafin 280 ɗin da kike hange. Darasi huɗu ne, kowanne a kan 100, sai kin tashi da 70 a kowanne ke nan. Bayoloji ta riga ta kai, kuma daga 71 zuwa 80 ya fi wuya nesa ba kusa ba a kan daga 58 zuwa 71, domin tambayoyin da suka rage miki su ne masu ƙaya. A ce kin kai Bayoloji 78, Kemistiri 70, Turanci 64. Nawa ke nan? 212. Sai Fiziks ya ba ki 68 kafin ki ga 280. Daga 45 zuwa 68. Ban ce ba zai yiwu ba, na ga ɗalibai sun yi. Amma ba da irin karatun da kika yi bara ba.

Tambaya ta biyu: a ɗakin jarrabawa kin gama duka tambayoyin, ko lokaci ya kama ki?

Ummin Abba: Gaskiya Malam Fiziks na bari ƙarshe don tsoronsa nake ji. Na daɗe a kan dogayen rubutun nan na Turanci. Da na ɗaga kai saura minti goma sha biyu, ina da tambaya wajen ashirin. Hannuna har rawa yake, na dinga danna C in zaɓi amsa, N in wuce gaba, C da N, har kwamfutar ta rufe kanta.

Malamin Lesin: Na san za a rina. Tambaya 180 ce a awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. In kin raba, daƙiƙa 40 ce ke kan kowace tambaya. Wanda ya ba Turanci minti hamsin ya riga ya yanka Fiziks da hannunsa. To amma wannan bai isa mu yanke hukunci ba, don ba mu san ko da an ba ki lokacin za ki iya amsa su ba. Zan dawo kan wannan.

Baban Walida: Ina koyarwa a wata jami'ar tarayya, kuma na taɓa zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai na tsangayarmu. 'Yata, akwai abubuwa biyu da ya kamata ki sani kafin ki yanke shawara.

Na farko, 236 ba ƙaramin maki ba ne. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Waɗanda suka kai 250 zuwa sama ko 100,000 ba su cika ba a duk faɗin ƙasar nan. Saboda haka kina gaban mafi yawan waɗanda kuka zauna tare. Amma ki juya lissafin ki gani: 280 ɗin da kike nema, 'yan tsiraru ne ƙwarai suke wurin, kuma da yawansu likitanci suka cike kamar ke. Mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka tsayar a 2025 shi ne 150, sai dai wannan ƙofar gida ce kawai, ba ƙofar ɗakin da kike so ba. Kuma ba mugunta ce take sa a ƙi ɗaukar mutane da yawa a likitanci ba. Majalisar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita take ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Jami'ar da ta zarce tana iya jawo wa kanta hukunci.

Yadda ake rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, ko daga ina mutum ya fito. Kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar. Kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda suke baya a ilimin boko, kuma Kano da Jigawa da Katsina duk suna ciki. Mutane suna jin haka sai su ɗauka ɗan Kano ya tsira. Ina! A kason naku ma da 'yan'uwanki 'yan Kano masu 290 za ki kara. Sannan jami'o'i da yawa ba makin JAMB kaɗai suke dubawa ba, suna haɗa shi da na Post-UTME, wato jarrabawar tantancewa da jami'a ke yi da kanta, ko da darajar sakamakon WAEC. Nawa kika samu a Fiziks a WAEC?

Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci: sakamakon WAEC ba ya lalacewa, amma na JAMB shekara ɗaya yake yi. Ba a ajiye shi a ce in na baɗi bai yi kyau ba sai a dawo kan na bana. Ranar da aka rufe ɗaukar ɗaliban bana, 236 ɗinki ta zama takardar ƙunshe ƙosai. In baɗi kika tashi da zazzaɓi ranar jarrabawa, ko kwamfutarki ta tsaya, kika ci 205, da 205 za ki shiga kasuwa.

Ummin Abba: C6 ne Baba. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wallahi ban san ba a iya komawa kan tsohon maki ba sai da wata ƙawata ta faɗa min kwanan nan.

Ɗan Fagge: Maganar kwamfuta ta tsaya ba wasa ba ce. Ba a 2025 ɗin nan ba ne shugaban JAMB na lokacin da kansa, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye? Ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas sai da aka sake musu jarrabawa saboda tangarɗar na'ura. Ka kwana shekara kana karatu, na'ura ta yi maka atishawa.

Maman Hanif: Ni ta ɗaya ɓangaren zan yi magana, don na ga ana ta tura yarinya ta karɓi kowane kwas. Ummi, kada ki yarda da wanda zai ce miki "ki shiga Maikurobayoloji, in kin ci aji ɗaya da kyau sai ki koma likitanci." Da wannan maganar aka rarrashe ni. Na shiga, na kashe kaina da karatu, na fita aji ɗaya da sakamakon da ko ni ban zata ba. Na cike takardar canjin sashe, na yi ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan har takalmina ya tsinke, a ƙarshe aka ce babu gurbi, su ma nasu ɗaliban rage su za a yi. Mu wajen goma sha biyar muka nema a shekarar, ko ɗaya ba a ɗauka ba. Na gama digirina, ba na raina shi, amma yau shekara shida ina koyar da Bayoloji a wata makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ni ashirin ga wata. Duk ranar da na kai Hanif asibiti na ga yarinya sa'ar ƙanwata da abin awo a wuya, sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Shekara ɗaya a gida ba komai ba ce a kan wannan.

Baban Walida: Maman Hanif ta faɗi gaskiya a kan canjin sashe. Ko ni ba na ba ɗalibi wannan shawarar. Wanda ya shiga kwas, ya shiga da niyyar zai iya gama shi.

Mai Hanya: Ƙanwata kada ki wahalar da kanki. Muna da mutum a ciki, ana ɗaga maki daga 236 zuwa 295 cikin awa 24, sai aiki ya yi kyau za ki cika kuɗi. Ki yi min magana ta akwatin sirri.

Shugabar Zaure: Na cire shi, na kuma goge lambar da ya saka. Wannan shi ne na uku a watan nan. Jama'a, ba mai ɗaga maki. Abin da suke yi shi ne su gyara hoton takardar su turo miki, ki yi ta murna, ranar tantancewa a buɗe shafin JAMB a ga 236 tana nan daram. Wasu kuma lambar sirrinki za su karɓa su riƙe miki shafi sai kin biya. Haka duk admishan ɗin da bai fito ta CAPS, shafin JAMB na ɗaukar ɗalibai, ba, ba admishan ba ne, ko wa ya ba ki. A ci gaba da magana.

Anti Nas: Ni tambaya ɗaya gare ni, ba wanda ya yi ta. Ummi, me ya sa likita? Sunan kike so a dinga ce miki Dakta, ko aikin? Ba da gatse nake tambaya ba.

Ummin Abba: Anti, ina aji biyar na raka ƙanwar Mama wani asibiti a garinsu, cikinta wata takwas tana zubar da jini. Likita ɗaya ne a wurin, namiji. Ta ce ita ba za ta buɗe jikinta gaban namiji ba, mijinta ma ya tsaya a kan haka. Muka zauna a kan benci tun hantsi har la'asar ana roƙon ta, ina riƙe da ledar zannuwanta. Da ta galabaita aka shiga da ita ba ta ma san inda take ba. Ita ta tashi, ɗan bai zo da rai ba. Tun ranar abin ya zauna min.

Anti Nas: Allah ya sa mai ceto ne. To ki saurare ni da kyau, 'yata. Abin da kika gani a bencin nan, ba likita kaɗai ke maganinsa ba. Shekarata 19 ina aikin jinya da ungozoma, haihuwar da na karɓa ban san adadinta ba, kuma a yawancin asibitocin karkara ungozoma ce take tsaye a kan mace, likita sai abu ya ƙi. Digirin jinya shekara biyar ne a jami'a, akwai kuma kwalejojin jinya da ungozoma da yanzu su ma ta JAMB ake shiga, a 2025 maki 140 aka tsayar musu a matsayin mafi ƙaranci. Ba ina ce miki ki bar likitanci ba ne. Amma in matan nan ne a ranki, Bayokemistiri ba zai kai ki gaban gadonsu ba, jinya za ta kai ki. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da aikinmu wurin jiran mota. In za ki zo, ki zo da zuciya ɗaya.

Likitan Dare: Anti, wallahi ban musa ba, ku kuka koya mana sa allurar ruwa. Amma tiyatar da aka yi wa innarta fa? A ƙarshe sai da aka nemi mai wuƙa. Mata masu wuƙar nan su ne muke da ƙarancinsu. In duk yarinyar da ta ci 236 muka karkatar da ita, yaushe za a samu?

Ummi, bari in gaya miki abin da ya bambanta zamana na uku da na biyun farko, don ba addu'a kaɗai ba ce, ko da yake an yi ta. Na daina lesin ɗin taron jama'a inda muke mu tamanin a aji ana karanta mana amsoshi. Na samu wani ɗalibin injiniya a unguwarmu, kullum bayan Asuba awa ɗaya, Fiziks kawai, wata biyar. Na sauke manhajar karatu ta JAMB na bi ta maudu'i bayan maudu'i ina sokewa. Kuma duk Asabar sai na biya kuɗi a shagon kwamfuta na yi cikakkiyar jarrabawa da agogo. In ba za ki iya canza yadda kike karatu kamar haka ba, to gara ki bi Ɗan Fagge.

Ɗan Samaru: Me ya sa ba wanda ya ambaci IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a? ABU ce take kula da ita, ana yi a makarantun share fage da dama, irin ta Funtuwa da CAS ta Kano. Kusan shekara guda ne, darasi uku, in kin ci sai ki sayi fom ɗin DE ki shiga aji biyu kai tsaye. Shekarar da za ki yi a gida kin yi ta a aji ke nan, ba ki yi asarar komai ba.

Baban Walida: Hanya ce mai kyau ga kwasa-kwasai da yawa. Ga likitanci kuwa ƙofar DE ta fi ta UTME, wato JAMB ɗin da kuka saba zama, ƙunci, guraben kaɗan ne, kuma a nan za ta haɗu da masu digiri na farko da suka dawo neman likitanci. Sannan Fiziks ɗin IJMB ya fi na JAMB zurfi. Wanda ruwa ya ci a rafi ba a ce masa ya gwada kogi.

Hajiyar Kantin Kwari: Da a da ne da sai in ce a haɗa kuɗi a tura ta Sudan, 'ya'yan ƙawayena nawa suka yi likitanci a Khartoum. To tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka kwaso yara a motoci ta iyakar Masar, wannan hanya ta toshe. Masar ɗin kuma da dala ake biya. Allah ya kyauta.

Basakkwace: Ku duka kuna ta lissafin maki, kun manta da lissafin gida. Ɗiya mace ta shekara 18, ta gama sakandare, ta shiga shekara ta biyu tana zaune. Ku da kuke cewa shekara ɗaya ba komi ba ce, ga namiji ne ba komi ba ce. Ɗiyata, ki gaya muna gaskiya, ba a fara sallama da ke ba?

Ummin Abba: Kawu, kamar kana gidanmu. Yayan Abba ya zo da maganar ɗan abokinsa tun da azumi. Abba ya ce masa karatu zan yi. Amma ranar da sakamako ya fito ya sake zuwa, na ji shi daga ɗaki yana cewa "to ai ga shi karatun ya ƙi." Abba bai amsa masa ba, kuma shirun nan ya fi ba ni tsoro.

Maman Hanif: Subhanallahi. To ai da kin faɗi wannan tun farko. Ba wai aure laifi ba ne, ni da aurena na yi aji uku da huɗu. Amma wadda aka aura tana da katin makaranta a hannu daban take da wadda aka aura tana jiran JAMB. Ta farko ana sa karatunta cikin sharaɗi, ta biyu sai a ce ta bari ta huta tukuna, daga nan sai ciki, sai goyo. Na janye rabin maganata. Kada ki zauna a gida haka siddan.

Ɗan Fagge: Alhamdu lillahi, jam'iyyata ta samu ƙarin mamba.

Maman Hanif: Rabi na ce, Ɗan Fagge.

Likitan Dare: To a haɗa biyun mana. Ta canza kwas ta shiga bana, in an buɗe sayar da fom farkon shekara ta sake saya, ta zauna a Afrilu tana aji ɗaya. Darussan aji ɗaya na kimiyya ai Fiziks ne da Kemistiri da Bayoloji da Lissafi, su za su ƙara gasa ta. In ta ci, ta ajiye wancan ta koma likitanci. In ba ta ci ba, tana da abin yi. A ajinmu akwai mutum uku da suka shigo ta haka.

Baban Walida: Ana yi, amma a faɗa mata kuɗinsa. Kuɗin rajistar shekarar farko ya tafi ke nan in ta koma, kuma daga aji ɗaya za ta sake farawa, likitanci kuma shekara shida ne in ba yajin aiki. Kun dai tuna na 2022, daga Fabrairu har Oktoba. Ba a riƙe gurbi biyu a lokaci ɗaya, sai ta saki ɗaya a hukumance, kuma wajen cike fom kada ta ɓoye cewa tana makaranta. Haɗarin da na fi gani a wurin ɗalibaina shi ne mai raba hankali biyu: ya yi sakaci da jarrabawar zangon farko saboda JAMB, JAMB ɗin ba ta zo ba, ya dawo ya tarar da darussan da ya faɗi suna jiran sa. Kuma Abbanta ya sani tun yanzu. Kada a yi masa ɓoye, kuɗinsa ne.

Malamin Lesin: Na ce zan dawo. Ummi, kafin ki je ki taɓa komai a shafinki, ga aiki na kwana uku. Ki ɗauki tambayoyin Fiziks na shekaru uku da ba ki taɓa bi ba. Kowace rana guda 40, ki sa agogon waya minti 30, in ya buga ki ajiye biro. Ki duba makinki. A rana ta uku, bayan kin gama, ki sake ɗaukar wata shekarar ki yi ta ba agogo, ki ɗauki duk lokacin da kike so, amma ban da buɗe littafi. Ki kawo min lambobin huɗu, da maudu'an da kika fi faɗuwa.

Ummin Abba: Assalamu alaikum, na dawo. Malam, da agogo: 17, 19, 16. Ba agogo: 24, kuma sai da na yi awa ɗaya da kwata. Inda nake faɗuwa kusan wuri ɗaya ne, lantarki da maganaɗisu da igiyoyin sauti da haske. Na tuna a aji biyar malaminmu na Fiziks ya tafi, aka yi zango biyu ba a kawo wani ba, waɗannan ba a taɓa koya mana su a aji ba. A lesin kuma amsoshin kawai ake ba mu mu haddace.

Malamin Lesin: To kin ga ba lokaci ne kaɗai ya kayar da ke ba. Da lokaci ne kawai da ba agogo kin haura 30. Rami ne a karatun, kuma na fi son haka, domin ramin da aka san bakinsa ana iya cike shi. Waɗannan maudu'an suna da kaso mai tsoka a tambayoyin kowace shekara. In kika samu mai koya miki su daga tushe, wata uku zuwa huɗu, Fiziks ɗinki zai iya kai 60. Sittin na ce, ban ce 70 ba. Da wannan ina hango miki 260 da wani abu, in komai ya tafi daidai. Ko hakan zai isa likitanci, ya danganta da inda kika cike da kuma waɗanda kuka haɗu da su a shekarar. Ki daina kallon jami'a ɗaya tak, ki duba sababbin da ba a cika rububinsu ba.

Ummin Abba: Na gode Malam. Jiya da daddare na samu Mama na karanta mata duk abin da aka rubuta a nan, har da na Kawu Basakkwace, ta yi dariya ta ce wannan ya san gidan Bahaushe. Ita ta shige min gaba wurin Abba. Ga yadda aka tsaya. Gobe zan je cibiyar jarrabawar kwamfuta ta CBT in biya kuɗi in canza zuwa Fiziyoloji, in kuma tabbatar an ɗora WAEC ɗina a CAPS. Na so in sa jinya saboda maganar Anti, amma na ga ita ma rububinta ake yi, kuma gaskiya zuciyata ba ta zama ɗaya ba tukuna kamar yadda Anti ta ce. Abba ya yarda in sake zama sau ɗaya tak, da sharaɗi biyu: kuɗin fom da na mai koyarwa daga cinikin turaren wutata za su fito, kuma in ban kai 270 ba an rufe maganar, ba kuka ba roƙo. Ya ce zai gaya wa yayansa a dakata har in gama aji biyu.

Maman Hanif: Fiziyoloji ma fa ba ya ba da lasisin taɓa mara lafiya, ki sani. In 270 ɗin ba ta zo ba, kina inda nake. Ni da jinyar kika sa.

Anti Nas: Bar ta, Maman Hanif. Gara ta zo mana baɗi da kanta a kan a turo ta bana.

Baban Walida: In sunanki ya fito a CAPS ki karɓa da wuri, kada ki tsaya jan rai. Kuma ki riƙe lambar wayar da kika yi rajista da ita, da ita za ki sake yin komai baɗi.

Ɗan Fagge: Ƙanwata, tunda kin ƙi jin maganar tsohon soja, ina da littattafan tsofaffin tambayoyi na shekara huɗu a ƙarƙashin gado, na Turancin zai yi miki amfani. Ki turo ƙaninki ya karɓa a bakin Kantin Kwari. Kusan sababbi ne, biyu ma ko ledarsu ban cire ba.